Gwangwanin Kek a Jirgin Bakwai Saura Kwata

Daren Lahadi nakan fasa ƙwai huɗu,
in kankare ɓawon lemo har yatsuna su yi raɗaɗi,
zuma cokali biyu, kirfa ɗan mitsitsi,
abin da ya rage tsakanin tanda ne da sa'a.
Kafin asuba ya huce, ya tsage a ka,
in kwantar da shi a gwangwanin biskit na kakata,
mai murfin da ba ya rufuwa sai da lallashi.

Daga Pinhal Novo nake hawa.
Tarago na uku, gefen taga, ɓarin da kogi zai ɓullo.
Gwangwani a cinya, littafi a kan gwangwani,
shi ke nan na samu tebur.
Nan babu wayar da za ta yi kuka,
babu mai shigowa dafe da kumatu.
Ni ce mai karɓar baƙi a asibitin haƙori,
e, na sani.
Likita Amândio ma ya sani,
yanka biyu yake ci a bayan ƙofa,
ya ce kada marasa lafiya su ji.

Karatun jirgi daban yake da na gado.
Layi yakan yi 'yar rawa, ido ya bi shi a hankali,
ƙafafun ƙarfe na ƙirga mini numfashi.
Mutanen littafin sun saba da tashoshina:
a Coina suka yi faɗa,
a Corroios ɗaya ya tafi bai waiwaya ba,
na ɗago kai ina neman sa cikin masu sauka.
Shafi na ɗari da sha biyu akwai tabon mai
inda babban yatsana ya taɓa bayan satar gefe.
Takardar ta yi shara-shara a wurin,
kalmomin gobe suna leƙowa ta cikin na yau.

Wata Litinin, a tsakiyar gada,
jirgi ya tsaya cak.
Tejo shimfiɗe a ƙasa, fari fat da hazo,
motoci na gurnani a saman kawunanmu.
Minti goma. Ashirin.
Tsaki ya fara zagaya tarago.
Ni dai ina babi na ƙarshe, ko a jikina,
sai murfin nan, da ma neman dalili yake,
ya ɗaga kansa.

Ƙamshi ba ya riƙe sirri.
Tsoho Hermínio, mai barcin ƙarya tun bara,
ya buɗe ido ɗaya.
Graciete ta cire abin kunnenta,
ta bar zanen ƙasusuwan da take haddacewa.
Baltasar mai duba tikiti ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu,
ya goge ta a hannun riga, ya miƙo mini,
bai ce uffan ba.
Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Goma sha ɗaya na yanka, sirara,
na ƙarshe don yaron da ke tsaye riƙe da keke.
Wata ta ce kirfa ta yi kaɗan,
wata ta ce uwarta da man zaitun take yi,
Hermínio ya tsince ɓurɓushi daga gemunsa ɗaya ɗaya
ya tambaye ni ko mutumin littafin ya dawo.
Na ce ban kai wurin ba.

Da jirgi ya motsa har na ji haushinsa.

Na sauka a Entrecampos a makare,
gwangwani sakayau, yana ƙara a jaka,
shafi uku suka rage mini
na ƙi taɓa su, na yamma ne.
Likita ya ɗaga murfi, ya leƙa,
ya dube ni kamar na cire masa haƙori.